Motar Da Ɗanaudu Bai Ji Ba

Da hantsin wata Laraba, a ƙarshen damina, mai unguwar Sharabi ya bugo waya ofishin 'yan sanda na Bagudo. Ya ce mota ta buge wani makaho a bakin gari ta gudu, mutumin kuma rai ya riga ya yi halinsa.

Sufeto Bunyaminu ne a bakin aiki. Yana zaune da kofin shayin da ya huce, ba kowa a ofishin sai Kofur Hussaina a bakin kantar karɓar ƙara. Tun da aka yi masa canjin aiki daga Birnin Kebbi ya baro iyalinsa a can, wani ɗan ɗaki a bayan ofis ya zama gidansa. Duk ƙarar da ta shigo shi ke fara miƙewa, domin ba shi da wani wurin zuwa.

Ya ɗauki hularsa. "Kofur, kira direba. Sharabi za mu."

Sun iske mutane sun yi cirko-cirko a gindin wata bishiyar dogonyaro. Gawar tana gefen titi, dab da kwalbati. Dattijo ne siriri, cikin wankakkiyar farar riga. Mai unguwa ya ce sunansa Ɗanaudu, tufkar igiya yake yi, ba shi da mata ba shi da ɗa. Makanta ta same shi ne tun da ƙarfinsa, zamanin yana su a kogi.

Sufeto ya durƙusa. Rauni ɗaya ne babba, a ƙeya, inda kan ya bugu da bakin kwalbati. Amma wani abu daban ne ya tsayar da shi. An miƙar da ƙafafun mamacin, an jera masa hannuwa, an ɗaure masa haɓa da farin bandeji, ɗauri mai tsabta, ƙullin a saman kai. Sandarsa tana ajiye a damansa. Takalmansa ma an haɗa su wuri ɗaya.

"Wa ya gyara shi haka?"

Mutane suka dubi juna. Mai unguwa ya ce, "Yallaɓai, hakanan munka iske shi."

An yi ruwa da asuba, gefen titin da taushi. Sawun tayar ya fito sarai, mai faɗi, sabo fil. Babu alamar an taka birki. A daidai wurin ma sai tayar ta ƙara tona ƙasa, kamar wanda ya ƙara wuta. Kofur Hussaina ta tsinci wani ɓallin murfin fitila a cikin ciyawa, ta naɗe shi a takarda.

Gidan da ya fi kusa da titin na wata tsohuwa ne mai suna Mairama. Ita ta fara ganin gawar.

"Inna, wace irin mota ce?" in ji Sufeto.

"Ban ga mota ba, ɗana. Ina bayan danga ina shanyar shinkahwa."

"To, me kika ji?"

"Wani abu ya yi tim, sanda ta hwaɗi. Na zaci reshe na ya karye. Sai da nig gama shanya nil leƙo."

"Ba ki ji ƙarar inji ba? Ko ham?"

"Ko ɗaya." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Kuma bari in hwaɗa maka, Ɗanaudu ba shi taka kwalta sai ya saurara. Babur na can nesa shina jin shi. Motocin hanyag ga duk ya san su da murya, har ya ce maka wane na ya wuce. Da akwai ƙara, wallahi da bai ƙetara ba."

Sufeto ya sa aka ɗauki gawar zuwa asibiti don likita ya duba. Ya daɗe tsaye a tsakiyar titin. Wata a-kori-kura ta taho daga wajen Tsamiya, tun ba a hango ta ba ake jin kukanta.

Daga nan tashar Bagudo suka nufa, garejin Namadi, bakaniken da ya fi kowa daɗewa a garin. Suka same shi a ƙarƙashin wata bas, direbobi na zaune a kan benci suna jiran lodi.

"Namadi, akwai motar da ke tafiya ba a jin ta?"

Namadi ya jawo jiki ya fito yana goge hannu da tsumma. "Guda ɗaya ta a ƙasag ga duk. Ta Alhaji Nasrullahi dillali. Watan jiya yas shigo da ita daga Kwatano ta hanyar Segbana. Ba ta shan mai, lantarki taka sha."

Nan take benci ya ɗauki magana.

"Wa zai sayi wannan abu?" in ji wani direba mai jar hula. "Garin da wuta ke zuwa sai ta ga dama?"

"Da sola ake cika ta," in ji na kusa da shi. "Kai ba ka ga abin da mai ke yi muna ba tun da aka cire tallahi? Wuni guda kana bisa hanya, gidan mai kaka yi wa aiki."

"To in ta mutu maka a dajin Ka'oje hwa? Ka ɗauki galan ka tahi ɗibar rana?"

Aka fashe da dariya. Namadi bai yi ba.

"Na leƙa cikinta," ya ce da Sufeto. "Ba filogi, ba kafireta, ba bakin mai. Ba inda mutum za shi sa hannu. In irinta ta yi yawa, mu sai gona." Ya nuna wata tsohuwar mota shuɗiya a gindin katanga. "Dubi wagga. Ta Hajiya Raliya ce, yayar Alhajin. Tun maigidanta na da rai nika gyaranta. Shekaranjiya tak kawo ta, tac ce in nemi mai saye, wai ƙanenta za shi ba ta ta zamani. Mota lahiya lau. Salansa kawai ta hwashe, ita ma na yi na yi in canza, tac ce in bar mata abinta haka."

Filin motocin Alhaji Nasrullahi yana kan hanyar da ta nufi iyaka. Motocin Kwatano ne a jere, kowace da galan a saman kanta alamar ta sayarwa ce. Alhajin gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Da ya ga 'yan sanda sai ya taho da fara'a mai yawa.

"Yallaɓai Sufeto! Yau dai ka zo ka zaɓa? Na daɗe ina cewa babban ma'aikaci irinka bai kamata a ce sai motar ofis ba."

"Mai lantarkin na zo gani."

"Ka san abin kirki! Duniya can ta nufa, Yallaɓai. Mutanenmu ne ba su waye ba, sai a ba su ragowar da Turawa suka gaji da ita suna murna. Wannan ba mai, ba hayaƙi, ba zaman gareji. Sai dai kash, ba caji. Mako guda ke nan ba ta motsa ba."

Motar tana can baya, an lulluɓe ta da tamfol. Ƙasan da ke kewaye da ita jiƙe yake sharkaf, har da kumfar sabulu, alhali sauran filin rana ta busar da shi.

"Motar da ba ta motsa ba ake wa wanka, Alhaji?"

"Ƙura ce. Ka san farar mota."

Sufeto ya yaye tamfol. Fitilar hagu ta gaba a fashe take. Kofur Hussaina ta warware takardarta, ta ɗora ɓallin a gurbin. Ya zauna daram.

Fara'ar Alhaji ta ɗauke. Ya cire hula ya share gumi, ya mayar. Sai ya ɗaga murya, "Muhsin! Zo nan!"

Wani dogon mutum ya fito daga bayan rumfa. Zai yi shekara arba'in, ya sunkuyar da kai tun kafin ya iso.

"Direbana ne," in ji Alhaji. "Shi ke tuƙo mini motoci daga Kwatano. Faɗa wa Yallaɓai abin da ka faɗa mini ɗazu. Ni kunya ce ta hana ni magana."

"Ni na fita da ita da safe," in ji Muhsin, idonsa a ƙasa. "Na buge mutum a Sharabi. Tsoro ya sa na gudu."

Sufeto ya dube shi, ya dubi Alhaji. Ya buɗe ƙofar direba ya gwada zama. Gwiwoyinsa suka tokare da sitiyari, ga shi kuwa Muhsin ya fi shi tsawo nesa. Ya ɗaga kai ya dubi madubin ciki, sai ya ga an karkato shi ƙasa. Ya sa aka kulle motar, ya karɓi makullin, suka tafi da Muhsin.

A ofis ya ba shi ruwa, ya zauna gabansa.

"Da ka buge shi, ka tsaya?"

"Na tsaya kaɗan."

"Ka fito?"

"Na fito."

"Ka taɓa shi?"

"A'a."

"Ina sandarsa take lokacin da ka tafi?"

"A tsakiyar titi, ina ji."

"Wace irin riga ce a jikinsa?"

"Shuɗiya... ko ruwan toka."

"Ka iya ɗaure wa gawa haɓa, Muhsin?"

Muhsin ya ɗago a firgice. "Haɓa kuma?"

Sufeto ya ajiye biro. "Shekara nawa kana bin hanyar Kwatano? Ka taɓa buge ko akuya? Direba irinka in mutum ya shigo masa, birki ƙafarsa ke nema tun kafin ya yi tunani. Wanda ya tuƙa motar nan totur ya taka. Kuma kai ba za ka shiga bayan wannan sitiyarin ba sai an naɗe ka. Wa kake rufa wa asiri?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Kana da iyali?"

"Mata da yara. Suna Illo."

"Me Alhaji ya ce maka? Za a kashe maganar cikin kwana biyu ka koma gida? Rai ne fa aka rasa. Gidan yari ne a gabanka, kuma ba kai za a riƙa kai wa abinci daga gidan Alhaji ba."

Muhsin ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idanunsa sun yi ja. "Tun ina saurayi nake cin abinci a gidan Alhaji. Abin da na faɗa shi na faɗa."

Aka mayar da shi bayan kanta.

Kofur Hussaina ta ce, "Oga, ai Alhajin gajere ne. Kujerar ta yi daidai da shi."

"Na yi wannan tunanin. Aika a tambayo inda ya yi hantsi."

Kafin azahar amsa ta dawo. Tun sassafe Alhaji yana bakin iyaka a Tsamiya yana jiran wasu motoci, jami'an kwastan da masu shayi duk sun gan shi. Sai da aka kira shi a waya ya bar wurin a gurguje, ko sallama bai yi ba.

Bayan la'asar asibiti suka ba da gawa. Aikin Sufeto bai haɗa da zuwa jana'iza ba, amma ya ari babur ya koma Sharabi. Sahu ɗaya aka yi, shi ma bai cika ba, yawancin mutane suna fadama wurin yankan shinkafa. Ya sa kafaɗa aka ɗauki makara. Da aka gama rufewa kowa ya kama gabansa, babu wanda za a yi wa gaisuwa.

Mairama ce ta buɗe masa ɗakin mamacin. Tabarma, buta, tarin kaba da igiyoyin da ba a gama tufkawa ba. A kan wata 'yar kujera akwai rediyo mai sola da kwalaben maganin ido, da kofuna guda biyu na tangaran, an wanke su an kife.

"Wa ke shan shayi da shi, Inna?"

"Hajiyarshi mana."

"Wace Hajiya?"

"Ta asibiti. Tun tana aiki taka zuwa rabon maganin makanta a ƙauyukkan bakin kogi. Shi ta iske nashi idon ya riga ya tahi. To daga nan sunka saba. Ta bar aiki, maigidanta ya rasu, ba ta bar zuwa ba. Kowace Laraba za shi sa wankakkiyar riga, ya ƙetara gindin bishiya ya zauna. Motarta na da wata irin ƙara, tun tana can nesa za ka ga ya miƙe shina gyara hula."

"Me suke yi?"

"Hira. Ta zo da shayi a hulas, su zauna bisa benci kowa na ganinsu. Shi ya ba ta labarin kogi, ita ta karanta mishi abin da ke cikin waya. In rana ta take, ta tahi."

"Yau Laraba. Ta zo?"

Mairama ta ce, "Ka ga kuwa yau ban ji motarta ba. Ya daɗe zaune. Ina jin gajiya ya yi, yat tashi za shi gida."

"Sunanta?"

"Raliya. Hajiya Raliya."

Ya iso Bagudo ana kiran magariba. Bayan salla ya sayi tuwo a bakin tasha ya kai ɗakinsa, ya zauna a bakin katifa. Matarsa Safina ta kira. Ta ce ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi amma ya warke, ta ce kuɗin mota zuwa makarantar yara ya sake tashi.

"Maganar motar nan fa?" ta ce. "Yayana ya ce kada mu yi gaggawar sayen ta Kwatano, wai nan gaba kaɗan masu lantarki za su yi araha. Ni kuwa na ce ko wace iri ce, in dai za ta riƙa kawo ka gida ran Juma'a."

"Za mu yi magana in na zo."

"Yaushe?"

Ya ce bai sani ba tukuna. Bayan ta kashe ya zauna da wayar a hannu, tuwon ya huce a leda.

Washegari da safe suka tafi gidan Hajiya Raliya, shi da Kofur Hussaina. Babban gida ne a bayan gari, rufinsa shimfiɗe da farantan sola. A jikin bangon rumfar mota an kafa sabon akwatin caji, wayarsa a naɗe, ko ledar ba a gama ɓare masa ba. Ita da kanta ta buɗe ƙofa. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ta haura sittin. Idanunta sun kumbura.

Falon yana da faɗi, kujeru an lulluɓe su da zani saboda ƙura, sai ɗaya kawai da ake zama a kai. Hotunan 'ya'ya da jikoki sun cika bango.

"Ke kaɗai ce a gidan, Hajiya?"

"Ni kaɗai. Babban yana Abuja, macen tana Kaduna, autan yana ƙasar waje. Suna kira."

"Jiya da hantsi ina kike?"

"Ina gida. Ba na jin daɗi."

"Ba ki je Sharabi ba?"

Hannunta ya tsaya a kan carbi. "Motata tana gareji."

"Na gan ta. Namadi ya ce kin sa ta a kasuwa." Ya gyara zama. "Kin ji Ɗanaudu ya rasu?"

"Na ji."

"Wa ya faɗa miki?"

Ta kawar da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Na je jana'izarsa. Na zaci zan ga saƙonki ko da ba ki zo ba, tunda an ce ba ki taɓa fashin Laraba ba." Ya ciro bandejin da aka kwance daga haɓar mamacin daga aljihu, a cikin leda, ya ajiye a kan tebur. "Likita ya ce wanda ya yi wannan ɗaurin ya daɗe yana aikin asibiti. Wanda ya buge shi bai gudu nan take ba, Hajiya. Ya tsaya ya duba numfashinsa, ya gyara masa kwanciya, ya jera masa takalma."

Ta ƙura wa ledar ido.

"Akwai mutum a tsare tun jiya," in ji Sufeto. "Muhsin. Ya ce shi ne. Gobe zan kai shi kotu in ba a sami wata magana ba."

Ta ɗago da sauri. "Muhsin? Nasrullahi ce mini ya yi an kashe maganar. Ya ce ba wanda ya gani, ba wanda za a kama."

"Bai faɗa miki wanda ya miƙa mana ba."

Hajiya Raliya ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Da ta fara magana, muryarta ba ta rawa.

"Ni ce. Rubuta, 'yata," ta ce da Kofur Hussaina. "Ni na tuƙa."

Kofur ta buɗe fayil.

"Na gaji ne da tsohuwar. In mai ya yi wuya sai na roƙi 'ya'yan maƙwabta su yi mini layi. In ta lalace sai na zauna a gareji cikin maza. Yarana suka ce in ɗauki direba, ni kuma ba na son a riƙa kai ni ana jira na. Nasrullahi ya ce ga wadda rana za ta cika mini a cikin gidana, ba na neman kowa. Ya ce in gwada ta ran Laraba. Muhsin ya kawo ta nan da safe, ya nuna mini yadda take, ya hau babur ya koma."

"Ɗanaudu ya san kin canza mota?"

"Bai sani ba." Ta girgiza kai. "Da na ba shi labarin irin motocin nan, dariya ya yi. Ya ce duk abin da ke tafiya a ƙasa yana da murya, in dai ni ce a ciki zai gane. Ka san dalilin da na hana Namadi gyara salansa? Don shi ne. Ina son in hango shi ya miƙe tun ban iso ba. Duk garin nan ba wanda ke miƙewa don na zo."

Kofur Hussaina ta dakata da rubutu, sannan ta ci gaba.

"Motar tana da wata 'yar ƙara da take yi don masu tafiya a ƙasa. Na sa Muhsin ya nuna mini inda ake kashe ta, na kashe. So nake in lallaɓa in tsaya a gabansa in yi sallama, in ce to Malam Ɗanaudu, yau ina kunnen? Wasa ne. Na makara a hanya saboda ina tafiya a hankali. Da na kusa bishiyar sai na ga ya miƙe. Na yi murna, na ce ashe ya gane. Ashe gida za shi. Ya tsaya a bakin kwalta ya karkata kai yana saurare, ina kallonsa. Hannuna yana kan ham, ban danna ba. Na ce bari in ƙara matsowa kaɗan."

Ta dafe bakinta, sannan ta sauke hannun.

"Sai ya shigo. Ƙafata ta saba da tsohuwar, na nemi birki na taka totur."

"Ya yi magana?"

"A'a. Kafin in durƙusa ya cika. Na ga mutuwa da yawa a asibiti, na san ta. Akwai bandeji a jakata. Na yi masa abin da ya kamata." Ta share ido da gefen mayafi. "Na so in yi ihu. Sai na tuna za a taru a tambaye ni me ya kawo ni, me ya sa ban yi ham ba. Na shiga mota na kira Nasrullahi. Ya ce in kai ta fili in koma gida in rufe bakina. Na yi yadda ya ce. Jiya da la'asar na san ana binne shi, ina nan zaune a kujerar nan."

Sufeto Bunyaminu ya bar ta ta huta. A waje wata kaza tana tono a gindin rumfar mota.

"Hajiya, dole mu tafi da ke. Tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai, da barin wurin haɗari. Alhaji shi ma zai amsa nasa, na ɓoye laifi da sa wani ya yi ƙarya."

"A saki Muhsin yau. Matarsa tana da tsohon ciki."

"Zai sake ba da bayani, na gaskiya. Daga nan zan yi magana da Difi'o, shugaban ofishinmu."

Ta sa hannu a takardar ba tare da ta karanta ba. Ta shiga ɗaki, Kofur Hussaina na biye da ita, ta fito da 'yar jaka da maganin hawan jininta. Ta bi falon tana kashe fanka, ta rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya.

"Za ki kira yaran?" in ji Sufeto.

"Suna wurin aiki yanzu. Sai an jima."

A ƙofar gida ta ja ƙyauren ƙarfen ta sa kwaɗo. Ta tsaya da makullin a hannu, ta dubi layin ta dama, ta dube shi ta hagu. Gidajen duk a rufe suke. Can nesa wata mai tallan awara ta wuce ba ta waiwayo ba.

Ta juyo ta miƙa wa Sufeto.

"Riƙe mini, ɗana. Akwai kaji a baya, in ka samu wanda zai zuba musu ruwa."

Ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa. Kofur Hussaina ta riƙe mata hannu ta hau motar sintiri, suka kama hanyar ofis.